Kafin a jefa dayis: tambayoyi da amsoshi kan rundunoni takwas da za su kara a teburinmu na Birnin Kebbi

Tun daga daren Juma'a da muka rufe karɓar takardun runduna, wayata ba ta huta ba. Masu wasa suna tambaya, 'yan kallo suna tambaya, har kawuna da ya ga hoton sojojin roba a wayata ya ce in zauna in yi masa bayanin abin da masu gemu ke yi da kayan wasan yara. Ni ne alƙalin wasa a wannan karon, ba ni da runduna a ciki, kuma takardun nan takwas duk sun bi ta hannuna. Ga tambayoyin da suka fi yawan zuwa.

Malam, wane irin wasa ne wannan tukuna?

Yaƙi ne a kan tebur da ƙananan sojojin roba waɗanda tsayin yawancinsu bai kai ɗan yatsa ba. Mai wasa shi ke haɗa su da gam, ya yi musu fenti, ya jera su. Tafiyarsu da nisan harbinsu da tef ake aunawa, inci-inci, irin awon tela. Ko harbi ya samu ko ya kuskure, dayis mai fuska shida ne ke yanke hukunci, irin na ludo, sai dai a nan kana iya watsa guda ashirin a jifa ɗaya.

Wanda muke bugawa sunansa Warhammer 40,000, na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila. Ya fara fitowa a 1987, mu kuma da dokokin bugu na goma muke aiki, wanda ya fito a 2023. Teburin inci 44 ne a faɗi, 60 a tsawo, wasa kuma zagaye biyar ne. Asalin irin wannan wasa ya girmi kamfanin nesa ba kusa ba: tun a 1824 hafsoshin sojan Furushiya, a ƙasar Jamus ta yau, suka fara koyon dabarun yaƙi da wani wasan taswira da dayis mai suna Kriegsspiel.

Mece ce takardar runduna, kuma don me ake bayyana ta tun kafin ranar gasa?

Kowane rukunin soja yana da farashinsa, ba na naira ba, na maki. Ana ba kowa jaka iri ɗaya ya yi cefane. Manyan gasanni na ƙasashen waje maki 2,000 suke bayarwa, wasa ɗaya ya ci kusan awa uku. Mu 1,000 muka tsayar, saboda kayanmu ba su kai can ba, kuma muna so a gama kafin magariba. Abin da ka saya da makinka, shi za ka rubuta: shugaban runduna, rukunoni, makamin da kowa ke riƙe da shi, da salon yaƙin da ka zaɓa wa rundunar. Akwai iyaka. Ba ka maimaita rukuni iri ɗaya fiye da sau uku, sai dakarun asali da motocin ɗaukarsu, su an yarda har shida. Kowane jarumi mai suna kuwa sau ɗaya tak ake saka shi.

Dalilin bayyanawa biyu ne. Na farko, in samu lokacin duba lissafin kowa. A wannan karon ma na mayar da takarda biyu, ɗaya ta zarce da maki 15. Na biyu, wasan ba na ɓoye-ɓoye ba ne. Duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya san kafin a sa zare kowa ya ga abokin karawarsa, ya ga tsayinsa da hannun da ya ɗaure, ya ji kirarinsa daga bakin makaɗa. Wannan bai taɓa rage daɗin damben ba.

Takardar wani ta zo hannuna. Daga ina zan fara karatu?

Ba daga sunan rundunar ba, kuma ba daga babban dodon da ke saman takarda ba, ko da yake nan idon kowa ke fara sauka. Fara da ƙidaya. Jiki nawa ne a ciki? Rukuni nawa ne masu cin gashin kansu, waɗanda kowanne zai iya tafiya wani wuri daban? Mutum mai rukuni biyar aiki biyar kawai zai iya yi a zagaye ɗaya, kome ƙarfinsu. Mai rukuni goma sha ɗaya yana iya sadaukar da uku ya ci gaba da harkarsa.

Daga nan ka nemi amsar wannan: da me yake cin maki? Nan ne sababbi ke faɗuwa. Ba kisa ke ba da nasara ba. A tsarin gasa makin nasara 100 ne: 50 daga babban aikin wasan, wanda yawanci riƙe tungaye ne, wato wuraren da aka yi wa alama a kan tebur, galibi guda biyar, 40 daga ƙananan ayyuka, 10 kuma kyauta ce ga wanda ya yi wa dukkan sojojinsa fenti. Kowane soja yana da lambar da ke nuna nauyinsa wajen riƙe tunga, a haɗa na wannan gefe a haɗa na wancan, wanda ya rinjaya shi ke da wurin. Na sha ganin wanda aka kusan share wa runduna ya tashi da nasara, saboda tun zagaye na biyu yake tara maki yayin da ɗayan ke can yana farautar kai. Saboda haka a takarda, 'yan ƙananan rukunonin nan masu arha da ke ƙasa, waɗanda ba su da wani makamin kirki, su za ka sa wa ido. Su ne masu zama a tunga, su ne masu gudu kusurwa su yi aiki. In ka kawar da su da wuri, dodon nasa sai ya zaɓa: ko ya zauna gadi, ko ya fita yaƙi.

Sai na uku: me yake da shi da zai iya karya abin da ka fi dogaro da shi? In kana da tanka, ƙirga manyan bindigoginsa. In taron dakaru gare ka, ƙirga makamansa masu yawan harbi. Sau da yawa za ka tarar abu biyu ne kacal a takardarsa ke iya taɓa ka da gaske, sauran duk rakiya ce.

Ka cika maganar lissafi. Ba mu misali mu gani.

To. A wasan, ana gwada ƙarfin makami da taurin wanda aka harba. In sun yi daidai, kana bukatar dayis ya nuna 4 ko sama. In ƙarfin ya fi, 3. In ya ninka taurin, 2. In ya gaza, 5. In kuwa bai wuce rabin taurin ba, sai 6 kaɗai.

Ɗauki harbi 20 na bindiga mai ƙarfi 4, a hannun sojan da ke samu da 3 ko sama. Kashi biyu cikin uku za su samu, wajen 13 ke nan. A kan dakarun Orks masu tauri 5, kashi ɗaya cikin uku na waɗannan ne za su yi rauni, huɗu da 'yan kai, sulkensu kuma ba na kirki ba ne, don haka ka kashe kamar huɗu. Huɗu daga cikin ashirin da ke tahowa a guje. Juya wannan harbin kan babban injin Imperial Knights: sai da 6 za ka yi rauni, biyu ke nan, sulkensa ya tare ɗaya, ka yi masa rauni ɗaya daga cikin fiye da 20 da yake iya ɗauka. Wannan lissafin a gida ake yin sa a bayan takarda, ba a bakin tebur agogo na tafiya ba.

Wani lissafin da ya kamata kowa ya haddace shi ne na kai farmaki. Dayis biyu ake jefawa, jimlarsu ita ce incin da za ka iya rufewa. Samun 7 ko sama hanya 21 ce cikin 36, ya ɗan haura rabi. Samun 9 ko sama hanya 10 ce cikin 36. Sojojin da ke dirowa daga sama a tsakiyar wasa dole su sauka nesa da inci 9 daga abokan gaba, wato 9 suke nema. Don haka in ka ga takarda cike da masu dirowa, kada gabanka ya faɗi. Sau bakwai cikin goma farmakin farko ba ya kaiwa, sai fa in yana da dokar sake jifa ko ta ƙarin inci. Wannan kuwa tambayarsa za ka yi.

Su wa ke zuwa, kuma me suka ɗauko?

Ba zan kama suna ba, sun san kansu.

Telan Argungu ya dawo da Orks ɗinsa, jiki sama da 60, mafi yawa a gasar. Fentinsa ya fi na kowa tsafta, abin da ba zai ba ka mamaki ba in ka ga ɗinkinsa, kuma da tef ɗin shagonsa yake awo. Dabararsa ba ɓoyayya ba ce. Orks suna da kururuwar yaƙi da ake kira Waaagh!, sau ɗaya a wasa, wadda ke ba su damar yin gudu su kuma kai farmaki a zagaye ɗaya, da ƙarin ƙarfi da ƙarin sara. Duk wasansa a kan zagayen da zai saki wannan kururuwa yake. Wanda ya ja baya ya bar ta ta faɗi a banza ya ci rabin wasan. Matsalarsa ta gaske agogo ce: motsa jiki 60 ɗaya bayan ɗaya yana cin lokaci, shi kuma mutum ne mai son hira. Na gaya masa, ya ce mini, "Malam, wanga wasa ba na gaggawa ba ne." Za mu gani.

Kishiyarsa ta kowace fuska shi ne baƙonmu na Gusau, mai Imperial Knights. Jiki biyar: babban inji ɗaya da ƙanana huɗu. Takardarsa ita ce ta fi tayar wa mutane da hankali, ni kuwa ita ce nake ganin ta fi sauƙin karantawa. Rukuni biyar, tunga biyar. In ya rasa ƙanana biyu, ba shi da wanda zai aika ko'ina. Amma duk wanda bai zo da manyan bindigogi ba, kada ma ya ɓata harsashi a kan babban, ya zagaye shi ya nemi maki. In shi da tela suka haɗu, ranar za a san ko da gaske sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ni na ajiye kujerata kusa da wannan teburin.

Malamin lissafi na Jega yana nan da T'au, masu harbin nesa waɗanda wani rukuni ke haska wa wani abokin gaba kafin a harba. Ba su iya gaba da gaba ba ko kaɗan. Shi ne ya fi kowa iya awo, yakan tsaya inci ɗaya bayan iyakar da za ka iya kai masa. Abin da na lura a takardarsa ta bana shi ne ya rage bindiga ɗaya babba ya sayi rukunoni biyu masu arha na tare hanya. Wannan mutum ya karanta abin da ya kayar da shi a baya.

Ɗalibar da ke zuwa tare da yayanta daga Aliero ta kawo Necrons, waɗanda ke farfaɗowa: a farkon kowane zagayenta rukunin da aka raunata yana maido da wani abu daga abin da ya rasa. Dokar fuskantarsu ɗaya ce, in ka fara rukuni ka gama da shi, kada ka yi ta yayyafi a ko'ina. Yayan nata Tyranids gare shi, kuma wata uku ke nan bai yi nasara a kanta ba a gida, in ji ta.

Sauran ukun: ɗan bautar ƙasa mai Space Marines, takarda mai ɗan komai da komai wadda ba ta da babban rauni kuma ba ta da abin tsoro; mutumin Zuru mai Astra Militarum, tankoki biyu da dakaru masu karɓar umarnin hafsoshi, wanda ya ce gadon gida ne; sai ƙaramin cikinmu mai World Eaters, wanda bai san wata hanya ba sai gaba.

To wa kake ganin zai ɗauka?

Alƙali bai kamata ya faɗa ba, amma tunda ba ni ke jefa dayis ba: malamin Jega ko ɗalibar Aliero. Ba don rundunarsu ta fi ƙarfi ba. Su biyun ne kawai na ga suna duba makin da ke kan allo kafin su motsa soja. In da a takarda ake gamawa, da na ce Gusau. Sai dai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma wasa uku gajere ne. Mummunan jifa ɗaya a zagaye na biyu ya isa ya aika gwani teburin waɗanda suka faɗi.

Yaya ake haɗa wa da wa?

Wasan farko ƙuri'a ce. Daga nan sai tsarin Suwizalan, wanda aka aro daga gasar dara ta Turawa: mai nasara da mai nasara, wanda ya faɗi da wanda ya faɗi, ba a fitar da kowa, ba a kuma maimaita haɗuwa. Da mutum takwas, bayan wasa na farko huɗu ne ba su faɗi ba, bayan na biyu saura biyu, na uku ya raba gardama. Abin da wannan ke nufi ga mai shiri shi ne mutum uku kawai za ka fuskanta cikin bakwai, kuma ba ka san su ba. Kada ka kwana kana shirya wa Knights kaɗai.

Yaya, na ga takardun sauran. Zan iya sauya tawa?

A'a, ƙanena. Da aka rufe an rufe. Abin da kake iya sauyawa shi ne yadda za ka jera su, wanda za ka ajiye a baya ya shigo daga baya, da wanda zai hau mota.

Me ya kamata in tambayi abokin karawata kafin mu fara?

Minti biyar na farko na wannan ne, kuma wajibi ne ya amsa da gaskiya. Wa ke iya gudu ya kuma kai farmaki? Wa ke iya motsi a lokacin da ba nasa ba? Wa ke dirowa daga sama, wa ke iya ɓacewa ya dawo? Akwai wanda ke fara sara ko da ni na kai masa hari? Waɗanne dabaru na musamman kake yawan kashe makin umarni a kansu? Kowane ɗan wasa yana samun makin umarni ɗaya a farkon juyin kowa, da su ake sayen waɗannan dabaru, kuma ba a rubuta su a takardar runduna. Nan ne takarda ke yin shiru, sai baki ya cike.

Wanda ya ɓoye doka don ya yi wa sabon shiga kwanton ɓauna, in aka kawo mini ƙara, zan mayar da motsin baya. Mu ƙalilan ne a wannan harka a iya sanina da garin nan da kewaye; in ka kori ɗaya da wayo, da wa za ka buga wata mai zuwa?

Shin kayan da ke kan tebur suna sauya abin da takarda ta nuna?

Ƙwarai. Tebur fili fetal na mai harbin nesa ne, tebur cike da kangaye na mai sara ne, domin kango yana tare gani, abin da ba ka gani kuwa ba ka harbinsa. Takardar malamin Jega a fili dodo ce, a cikin kangaye kuwa tela zai iso gabansa da rabin mutanensa a raye. Shi ya sa teburanmu huɗu jeri ɗaya muka yi musu, kuma na tura hotonsa tare da takardun. Kangayen da kwalin taliya da katakon silin muka yi su, muka shafa musu jar ƙasa da gam, har wani ya ce sun yi kama da ganuwar Surame. In za ka gwada shirinka a gida, jera kofuna da littattafai a daidai wuraren, ka duƙa ka duba daga idon sojanka.

Ba caca ba ce wannan? Na ga dayis.

Ba a sa kuɗi, ba a cin kuɗin kowa, kuma duk wanda na kama yana pare a gefe zai bar ɗakin. Abin da ake haɗawa na ruwan sanyi da abincin rana ne da man janareto. Wanda ya yi na ɗaya kofi zai samu da burushin fenti. Game da hukuncin dayis ko na siffofin, wanda zuciyarsa ke da shakka ya je ga malaminsa, shi ya fi cancanta ya ba shi amsa. Lokacin salla kuwa agogo tsayawa yake: wasan farko kafin azahar, na biyu tsakaninta da la'asar, na uku bayanta.

A halin da yankinmu ke ciki, wasan yaƙi bai yi nauyi a baki ba?

Wani dattijo ya yi mini wannan tambayar, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Baƙonmu na Gusau da rana tsaka zai taso, kuma kwana zai yi, saboda hanya. Babu wanda ke cikinmu da bai san wani da abin ya shafa ba. Abin da zan ce kawai, dodannin roba ne na wata duniyar ƙage, kuma abin da ke faruwa a teburin ya fi kusa da dara mai gurbi 30 da dattawa ke yi a gindin bishiya: awo, haƙuri, da karanta tunanin wanda ke gabanka.

Babu irin wannan wasa da sojojin tarihinmu?

Akwai dokokin wasannin tarihi, kuma sun fi arha nesa. De Bellis Antiquitatis, wanda ya fito a 1990, rukuni 12 kacal kowane gefe ke bukata, a kan ɗan ƙaramin tebur, wanda ya fara rasa huɗu ya faɗi. Ba abin da zai hana a zauna a tsara mahaya masu lifidi da sulke, da 'yan baka, da dakaru masu garkuwa, a ba kowa lambobinsa. Mutumin Zuru ya fara gwada sassaƙa dawaki. Kuma tarihinmu na da darasin karatun takarda da ya fi duk wanda na kawo a sama. A Tabkin Kwatto, a 1804, rundunar Gobir ta Sarki Yunfa ita ce mai dawaki da lifidi, jama'ar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta kuwa yawancinsu 'yan baka ne, dawakinsu kaɗan. Duk wanda aka miƙa wa takardun gefen biyu a daren da ya gabata, Gobir zai zaɓa, amma Gobir ce ta sha kashi.

Me zan zo da shi ranar?

Takardarka a buge, kwafi biyu, ɗaya taka ɗaya ta abokin karawa, don waya tana mutuwa kuma wuta ba ta da alkawari. Tef, dayis aƙalla 20 masu lambobin da ake gani daga nesa, gam don gyaran gaggawa, da faranti ko tire na ɗaukar sojoji daga tebur zuwa tebur. Kada ka bar akwatin sojojinka a cikin mota a rana. Zafin Birnin Kebbi yana lanƙwasa takubba da dogayen bindigogi, musamman waɗanda aka buga da injin ɗab'i na roba. Masu irin waɗannan da masu sojan aro, an yarda, da sharaɗin girman gindin da sojan ke tsaye a kai ya yi daidai da na asali kuma ka nuna wa abokin karawarka wane ne wane tun kafin a jera. Wanda bai gama fenti ba zai buga, amma maki 10 ɗin nan sun wuce shi a kowane wasa, kuma akwai mutum biyu da na san har yanzu suna fama da burushi.

'Yan kallo kuna da wuri, kawu ma ya ce zai leƙo. Sharaɗi biyu ne: ba a taɓa sojan mutum sai da izininsa, ba a kuma tuna wa mai wasa abin da ya manta, ko da ƙaninka ne kana ganin zai bar tunga ba kowa. Ƙofa ƙarfe takwas za a buɗe, ƙuri'a takwas da rabi.